Kafin a Sa Likkafani, a Karanta Rigar

Kalma ɗaya Bahaushe ya ba tufafin da mai rai yake sawa da kuma hidimar ƙarshe da ake yi wa mamaci, wato sutura. Galibi ma'anonin biyu ba sa karo da juna, domin wanda ya cika a ɗakinsa an san shi, an san ubansa, rigar da aka tuɓe masa kuma cikin kayan gado take komawa. A gefen titi ne suke karo. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Tambuwal ta faɗo Jega, ta ratsa Maiyama ta nufi Koko da Yawuri da Kwantagora, ita ce ta haɗa wannan yanki da Ilori da Legas, kuma dare da rana ba ta rabuwa da manyan motoci: na albasar Aliero, na shanu, na hatsi, da samarin da ke ɗare a saman kaya sun nufi ci-rani. Wanda ya tari tirela a bakin hanya ba a rubuta sunansa a takardar tasha ba. Idan ƙaddara ta same shi tsakanin Jega da Koko, mutanen ƙauyen da suka rugo taimako ba su san shi ba, direban ma in ya tsira iyakarsa ya ce yaro ne da suka ɗauka a hanya. Kafin rana ta faɗi an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an rufe. An yi masa sutura ta biyu cikin mutunci, amma ta farko, wadda ita kaɗai ta taho da shi daga gida, an watsar da ita ko an cinna mata wuta saboda jini. A ganina wannan watsarwa asara ce babba, kuma asara ce da za a iya tarewa ba tare da an ƙara wa gawa ko sa'a guda a doron ƙasa ba.

A ɗauki kaftani guda, a juya shi ciki waje, a shimfiɗa a tabarma. Yadin kansa ba ya faɗin komai, domin shadda iri ɗaya ake sayarwa a Jega da Kantin Kwari da Maraɗi. Ɗinkin ne ke magana. Kowane tela yana da hannunsa: yadda yake kafa wuya, faɗin kalmasar ƙasa, inda yake tsaga gefe, ko yana yin aljihun ciki, irin zaren da yake cike baki da shi. Tela ya kan gane ɗinkinsa a jikin mutum daga nesa, ya kuma gane na abokin sana'arsa da suka koya a gaban maigida ɗaya. Da yawansu suna rubuta sunan mai kaya ko awonsa da alli ko biro a bayan yadi kafin su yanka, musamman lokacin cunkoson ɗinkin Salla, kuma ba kullum wanki ke cinye rubutun ba in ya shige cikin kalmasa. Manyan shaguna yanzu har ɗan ƙyalle mai sunan shago da lambar waya suke liƙawa a bayan wuya. Mai wanki da guga shi ma yana da alamarsa da yake sawa don kada kayan mutane su cakuɗe. Sai hula. Zanna bukar ko damanga ta hannu aikin makonni ce, kuma ko zane ya zo ɗaya, launin zare da girman kai da yadda mai ita yake karya ta ba sa zama ɗaya. A duba zariyar wando: ta asali ce, ko an sake ta da igiyar leda ko gefen tsohon zane? A duba takalmi, gefen da ya fi cinyewa da inda mai gyara ya ɗinke. A laluba aljihu: rasit, tikitin kasuwa, katin asibiti, guntun takarda mai lambar waya, ƙwayar magani, makulli. In akwai laya a damtse ko guru a ƙugu, dukancin da aka rufe shi da shi ma hannun wani ne. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke furta suna shi kaɗai, amma kowanne yana rage yawan garuruwan da za a nema, har a sauko daga ƙasa guda zuwa unguwa guda.

Abin mamaki, wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu, ga mai rai kawai muka taƙaita shi. Duk wanda ya taɓa jin cigiyar yaro a gidan rediyo ko a lasifikar masallaci ya san yadda take tafiya: shekarunsa kaza, baƙi ne ko wankan tarwaɗa, sannan a ce yana sanye da riga kaza da wando kaza. Kayan jiki su ne rabin cigiyar. Haka kuma hukuncin tsintuwa da ɗaliban fiƙihu ke karantawa a zaure ya tanadi cewa wanda ya tsinci dukiya ya yi shelarta shekara guda, kuma ba a miƙa ta ga wanda ya zo sai ya siffanta jakar da maɗaurinta. Ƙissar Annabi Yusuf kuwa, wadda yara ke sani tun suna makarantar allo, riga ce ta riƙe ta a wurare uku. An kawo wa mahaifinsa riga da jinin ƙarya, an warware ƙazafi da duba ta inda riga ta yage, an kuma aika da riga ta zama albishir ga tsohon da ya daɗe yana jira. Mai lura zai ga cewa a karo na farko rigar shaidar zur aka sa ta yi. Wannan ne ya kawo mu ga sukar da ta fi kowace nauyi.

Sukar ita ce tufafi suna ƙarya, kuma sun fi yin ƙarya a jikin talaka, wanda shi ne ya fi yawan mutuwa ba suna. Mai hali yana da telansa, yana da kati a aljihu, yana da masu nemansa kafin gari ya waye. Ɗan ci-rani kuwa rigar gwanjo ce a jikinsa, wadda ta ƙetaro teku cikin dila, wani lokaci har da sunan Baturen da ya fara sa ta. Almajiri sadaka ya samu. Yaron gida kwancen maigidansa ya sa, don haka in an bi ɗinki za a isa ƙofar mutumin da ke zaune lafiya yana shan fura. Rigar kamfen dubbai aka raba, rigar ƙwallo kowane saurayi yana da irinta, atamfar anko mata hamsin suka yanka rana ɗaya. Zanen aro ba ya rufe katara, balle ya faɗi sunan wanda ya ara. Duniya ma ta ga irin wannan. A ranar 1 ga Disamba 1948 an tsinci gawar wani mutum a bakin teku a Somerton, kusa da birnin Adelaide na Ostareliya, an cire duk tambarin da ke jikin kayansa. A cikin akwatin da aka danganta da shi an ga sunan Keane a kan wasu tufafi, aka yi ta neman wani Keane da ya ɓata ba a samu ba. Sai a 2022 masu bincike suka bayyana, ta hanyar gwajin ƙwayar halitta daga gashinsa, cewa Carl Webb ne, kuma Keane sunan mijin 'yar'uwarsa ne. Akwai kuma wata ƙaryar da ba rigar ke yi ba, mai kallo ne ke yi wa kansa: ya ga malfa da sanda ya ce Bafulatani, ya ga rawani baƙi ya ce Buzu, ya rufe bincike a nan. A yankin da Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme da Badakkare ke cin kasuwa ɗaya suna sayen yadi a rumfa ɗaya, karanta ƙabila daga tufafi ita ce mafi raunin duk alamomi, ita ce kuma mafi saurin jawo fitina.

Duk wannan gaskiya ne, sai dai bai kai ga a yar da rigar ba. Labarin Somerton kansa, in an sake dubansa, sunan da ke kan tufafin bai faɗi mutumin ba amma ya nuna gidan. Haka kwancen maigida: ya kai ka ƙofar da ba ta mamacin ba, amma mai ƙofar ya san wanda ya ba. Gwanjo kuma ranar da aka saye shi ne kaɗai ba shi da tarihi. Bayan wata uku a jikin lebura ya samu nasa: maɓallin da aka sake da wani launi, ƙunar garwashi a hannu, facin da aka yi da zaren da ke gida, tsawon wando da aka rage. Waɗannan ba a dila suka zo ba. Hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, ta raba hanyoyin gane gawa gida biyu. Zanen yatsu da haƙora da ƙwayar halitta su ne hujja mai yanke hukunci, tufafi da kayan aljihu da tabon jiki kuma mataimaka ne. Wato riga shaida ce, ba alƙali ba, kuma ba a korar shaida daga kotu don kawai ana iya samun mai ƙarya a cikin shaidu, tambayarsa ake yi da dabara. Dabarar kuwa ita ce ta tsintuwa: kada a nuna wa mai nema kayan tukuna, a ce ya faɗi abin da ɗan'uwansa ya fita da shi. Wanda hankalinsa ya tashi yana iya ganin kowace shuɗiyar riga ya ce ita ce, kama da wane kuwa ba wane ba ce. Amma wanda ya ce akwai faci a ƙarƙashin hammatar hagu kafin a buɗe jaka, sannan aka buɗe aka gani, maganarsa ta yi nauyi.

Misalin da ya fi nuna amfanin ajiya ya zo ne daga haɗarin jirgin ruwan Titanic na Afrilun 1912. Jirgin da aka tura kwaso gawarwaki daga Halifax ta Kanada, Mackay-Bennett, ya tsamo 306. Kowace gawa an ba ta lamba, an rubuta kamanninta da tufafinta a littafi, an zuba kayan aljihunta a jakar da ke ɗauke da wannan lambar. Waɗanda aka kawo Halifax ba a gane su ba an binne su da lamba a kan dutsen kabari, kuma saboda littafin nan an ci gaba da maido wa wasunsu sunayensu shekaru da dama bayan haka. Gawa ta huɗu ƙaramin yaro ne da ba wanda ya zo nema. An ƙone tufafin mamatan don kada masu tara kayan tarihi su wawashe, amma wani ɗan sanda ya kasa jefa takalman yaron a wuta, ya ajiye su, daga baya zuriyarsa suka miƙa su gidan tarihi. A 2002 gwajin ƙwayar halitta ya nuna yaron ɗan ƙasar Finlan ne mai wata 13. Da aka dubi takalman sai aka ga sun yi wa mai wannan shekaru girma, aka sake gwaji mai zurfi, a 2007 aka tabbatar Sidney Goodwin ne, ɗan Ingila mai wata 19. Takalmi bai faɗi suna ba, amma shi ya sa aka yi shakkar sakamakon ɗakin gwaji.

Wani zai ce mu Musulmi ne, an umarce mu da gaggauta jana'iza, ba za mu ajiye bawan Allah yana kumbura ana jiran bincike ba, ga zafin Kabi, ga wutar lantarkin da ba ta riƙe ɗakin ajiye gawa. Ba jinkiri ake nema ba. Dole ne dama a tuɓe wa mamaci kaya kafin wanka, tambayar kawai ita ce ina kayan za su bayan an tuɓe. Littafin jagora da ƙungiyar Red Cross ta duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinsu suka fitar a 2006, aka sabunta a 2016, don mutanen gari da ke fara isa wurin bala'i aka rubuta shi, ba don likitoci ba, kuma abin da ya nema kaɗan ne: lamba ɗaya a jikin gawa da kayanta da kabarinta, hoto, da rubutaccen bayani. Ya ma yi gargaɗin cewa a ƙasa mai zafi fuska kan canza har ta gagari ganewa cikin sa'o'i 12 zuwa 48, abin da ke ƙara wa tufafi daraja a irin yanayinmu. Aikin nan bai wuce lokacin da masu haƙa ke ɗauka kafin su gama kabari ba. Sannan a auna da abin da shari'ar kanta ta ɗora wa iyalin wanda ya ɓata. Matar da ta tabbatar mijinta ya rasu takabar wata huɗu da kwana goma za ta yi ta fita. Matar wanda ya ɓata ba labari, a mazhabar Malikiyya kamar yadda Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo, shekara huɗu za ta jira bayan ta kai ƙara an bincika, sannan ta yi idda. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye, waɗanda malamai da yawa suka ƙiyasta da saba'in. Gona ta tsaya, marayu ba a kira su marayu ba, uwa kullum kunnenta na bakin ƙofa. Rigar da aka ƙone saboda tsafta haƙƙin magada ce, kuma wataƙila ita ce kaɗai za ta sauke musu wannan kaya.

Masu ganin zamani ya wuce nan za su kawo lambar zama ɗan ƙasa da layin waya da aka haɗa da ita, su ce yatsa ɗaya ya isa. Inda ya isa, madalla, a fara da shi. Mutum fiye da miliyan 100 sun yi rajistar, sai dai ƙasar ta haura miliyan 200, kuma waɗanda suka rage galibi su ne yara da matan karkara da makiyaya, sannan na'urar da za ta karanta yatsan gawa ta tambayi rumbun Abuja ba a ƙauyen Andarai ko Mungadi take ba. Waya takan fashe, takan nutse, takan yi ƙafa a wurin haɗari, layin kuma sau da yawa da sunan wani aka yanke shi. Gwajin ƙwayar halitta sai an sami dangin da za a gwada da su, ga tsada: lokacin da jirgin Dana ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni 2012 da mutum 153 a ciki, sai da aka aika samfura Ingila. Kafin a kai ga kowane gwaji dole wani abu ya fara nuna gidan da za a ƙwanƙwasa. Turmutsutsun Mina na ranar 24 ga Satumba 2015 ya nuna abin da ke faruwa idan babu wannan abu. Maza duk cikin harami suke, farin ƙyalle biyu marasa ɗinki marasa aljihu, kuma iyalai a Sakkwato da sauran jihohi sun shafe makonni suna jiran tabbas, har a shekarar da ta biyo baya Saudiyya ta fito da abin hannu mai ɗauke da bayanan alhaji. Akwai kuma inda tufafi ba sa tsira ko kaɗan, kamar gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa cikin Oktoban 2024, inda aka binne mutane da yawa a kabari ɗaya. A nan sai ƙarfe: zobe, makulli, kan bel. Ruwa kuwa akasin wuta ne. Lokacin da jirgin ruwa ya kife da mutum fiye da 150 a kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski ranar 26 ga Mayu 2021, an kwashe kwanaki ana tsamo gawarwaki, kuma gawar da ta kwana uku a kogi fuskarta ta tafi, amma zanen da ke ɗaure a ƙugunta yana nan da launinsa.

Abin da muke yi yanzu a madadin ajiye tufafin ya fi komai muni. Ana ɗaukar hoton fuskar mamaci cikin jini a watsa a Facebook da WhatsApp da sunan cigiya, uwa ta fara ganin ɗanta a wayar maƙwabta. Hoton fuska a ɗauka, amma ya zauna wurin 'yan sanda da asibiti, a nuna wa wanda ya zo da siffa. Abin da ya dace ya zagaya shi ne hoton hula da takalmi da riga bayan an wanke an shanya, a kuma ɓoye alama ɗaya ko biyu da za a jarraba mai nema da su. Ba a buƙatar sabuwar hukuma. Jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sanda su ke da hurumin gawa, 'yan agaji su ke wanka, dagaci ko mai unguwa shi ya san inda aka haƙa, shugabannin tasha su ke da hanyar isar da saƙo daga Jega har Legas cikin yini guda, ƙungiyar teloli kuma ita ce ba a taɓa tunanin tambaya ba. Littafi ɗaya mai lamba, da jaka mai wannan lambar, da alama a kan kabari, a ajiye aƙalla shekarar nan guda ta tsintuwa. Sannan a lura da wanda ake kira ya duba. Bisa al'ada maza ne ke tasowa neman wanda ya ɓata, wa ko ƙane ko kawu, kuma yawancinsu ba za su iya faɗin launin rigar da ya fita da ita ba. Wadda ta wanke ta, ta ɗinke aljihun da ya ɓarke, ta zura sabuwar zariya a wandon daren da zai tafi, tana can cikin gida ba a tambaye ta ba. Hoton kayan ita ya kamata a fara kai wa.